Sadakar Ƙura

Ni dai a kan gini ba a yi mini gardama. A siyasa ka kayar da ni, a karatu ka kayar da ni, amma in aka zo kan kwaɓi, to malam ja da baya. Duk unguwar Adjamé Liberté babu bangon da na ɗora ya kwanta, kuma masu cewa ina da zafin kai ba su yi ƙarya ba. Na sha jefar da cokalin gini in bar wa mutum aikinsa saboda ya ce in rage siminti.

Na sauka Abidjan a farkon shekarun casa'in, daga wani ƙauye na ƙasar Daura, da cokalin gini a jaka da kwatancen gidan mutum ɗaya. Mutumin nan Alhaji ne, Bakano, abokin mahaifina tun suna samari. Shi ya zama maigidana. Ya ba ni ɗaki a gidansa, irin gidajen nan masu tsakar gida ɗaya da ɗakuna a kewaye, ya ciyar da ni har na tsaya da ƙafata, shi ya kai ni wurin aikina na farko ya ce wa mai aikin, “Wannan ɗana ne, in ya ɓata ka zo wurina.” Baba nake ce masa. Shadda da atamfa yake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa, yana da babban kanti a wajen Mairie, ofishin magajin gari. A ɗan masallacinmu na Hausawa kuwa an san halinsa: liman ba ya gama faɗin abin da ake bukata sai ka ji daga sahun gaba an ce, “Na ɗauka.” Tabarma, fanka, likkafanin baƙo, duk haka.

Shekarar da aka karya darajar sefa, kuɗin ƙasar, siminti ya yi tashin gwauron zabo. Lokacin ina aiki a Treichville, kusa da masana'antar da ke niƙa siminti a bakin ruwa. Jirage ke kawo wata ƙonanniyar tsakuwa, su niƙa ta su zuba a buhu. Wurin niƙan nan akwai ƙurar da ke taruwa, a share ta a jibge bayan shinge, ba mai ko kallonta. Wani mutumin Burkina da ke shara a wurin ya ga ina leƙe, ya ce in ina so in kwasa, na ma rage masa aiki. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na ɗauko wotoro, amalanken turawa, na kwasa na kai gida.

Amma ni ba na saka wa bangon mutum abin da ban sani ba. Na tara gwangwanayen tumatir a bayan ɗakina, na riƙa kwaɓi kala-kala ina zubawa. Wannan ƙura zalla da yashi, wannan rabi da rabi, wannan kaɗan. In sun bushe in jiƙa su, in shanya, in karce da ƙusa, in sako su daga saman katanga. Matan gida suka ce na fara taɓuwa. Ƙura zalla ba ta gini, wannan na gani da idona: za ta yi kamar ta kama, ka murza da yatsa ta ruguje kamar dambu. Rabi da rabi yana tsagewa, ga wani farin gishiri da ke tsatsowa a jikinsa. Amma in ka cire awo ɗaya cikin goma na siminti ka mayar da ƙura, ba ka bambance shi da na zalla, wajen ɗora bulo da shafe. Tana shan ruwa, tana saurin kamawa, tana cin hannu, kuma ba a kai ta kusa da rodi, don haka ginshiƙi da rufin kankare babu ruwansu da ita.

Da na fara aiki da ita sai surutu ya tashi. Wai magini ya koma algus. Mu Hausawa 'yan kasuwa ne, a wurinmu ba zagin da ya kai wannan. Raina ya ɓaci matuƙa, har na kusa cin kwalar wani a bakin masallaci. Daga baya na ce algus ai ɓoyewa ce. Sai na ɗauki al'ada: duk wanda ya kira ni aiki, kafin in taɓa shebur sai na ajiye masa gwangwanayena na ce, “Ga mai ƙura, ga marar ƙura, ga yawan da nake sawa. Zaɓi.” Yawanci mai ƙurar suke zaɓa. A hankali maganar ta mutu, sunan “mai ƙura” ne dai ya bi ni.

Haka muke har ƙasa ta rabu biyu, hanyar arewa ta toshe. Masu sayen kayan Baba daga Mali da Burkina da garuruwan arewa suke zuwa, sai suka ɗauke ƙafa ɗif. Mutanen waje ba su ga komai ba, don babbar rigarsa kullum a buge take, ƙamshin turarensa kuma yana riga shi isa. Ni da ke cikin gida na gani. Motarsa ta tafi gyara ba ta dawo ba. Nama ya ɓace daga miya. Ya daina cin abinci a tsakar gida tare da mu, wai likita ya hana shi maiƙo, sai dai a kai masa ɗaki. Babu wanda ya ce uffan, don mutum irinsa rufin asirinsa shi ne abin da ya rage masa.

Ana haka liman ya tayar da maganar sashen mata. Wurin da suke salla langa-langa ne da tabarmi aka kewaye, in ruwan Abidjan ya tsuge kuwa har cikin zanensu. Aka ce a yi musu bango na gaske kafin azumi. Wani ya ɗauki bulo, wani yashi, ni na ɗauki aikin hannu. Saura siminti. Sai kowa ya juya sahun gaba, don an saba. Gabana ya faɗi. Na ga wuyan Baba ya motsa, sannan ya ce, “Na ɗauka.”

Ba a daɗe ba wata safiya motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar masallaci, shaƙe da tsofaffin buhunan shinkafa. Tun kafin a kwance bakin ɗaya na san abin da ke ciki, don launinta ya fi siminti haske. Ƙurar Treichville ce, zallarta. Baba yana tsaye da sandarsa yana ce wa jama'a, “Ai ɗana ne ya gano sirrin abin nan. Shekara da shekaru da ita yake gini, kun taɓa jin ya faɗi?” Liman ya ɗaga hannu aka yi ta addu'a. Wallahi jinina tafasa yake. Da wani ne ya yi mini haka, da unguwa ta ji mu. Amma sadaka ce, an kawo ɗakin Allah, an shafa fatiha a kanta. Wa zai mayar da hannun kyauta baya, balle hannun Alhaji?

Da azahar na same shi a falonsa, na durƙusa na gaishe shi.

“Baba, ƙurar nan, ita kaɗai…”

“Kai ka san aikinka,” ya katse ni. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. “Ka yi yadda kake yi. Kada ka ba ni kunya, ɗan nan.”

Sai na gane. Shi dai ya san ina gini da ƙura, bai taɓa tambayar yadda ake yi ba, kuma kuɗin motar nan da ya biya, iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Na haɗiye sauran maganata na ce, “To, Baba.”

Na fito gaba kura baya sayaki. In gina da ƙura zalla, bango mai tsayi, tsofaffi su jingina bayansu a kai suna jin tafsiri? Har abada. In ce a masallaci kayan nan ba su yi, a nemo siminti? To an san Alhaji ya kasa, kuma ni da ya riƙa ni na tona shi.

Sai na tuna masu bangon. Na nufi kasuwar Gouro wurin Hajiya, shugabar matan masallaci, dillaliyar albasa, mutuniyar Tawa da ta tsufa a Abidjan amma bakinta bai bar gida ba. Na same ta a kan kujera tsakanin buhuna tana faɗa da masu dako, rabi Hausa rabi Julanci, yaren Julawa da ake ciniki da shi a can.

“A'a, mai ƙura! Wa ka zaga yau, aka koro ka?”

“Inna, magana ce da ni, ba ta kasuwa ba.”

Ta kori mutane, na faɗa mata komai. Ta daɗe tana juya zoben hannunta.

“Kai ɗan ga, kana tsammani ba mu sani ba? Mata ne fa mu. Tun da uwargidansa ta daina aiko sayen albasa da buhu muka sani.” Ta share ido da bakin mayafi. “Ran da maigidana ya rasu, ban san kowa a garin ga ba, Alhaji ya yi mishi sutura. Mi kake so a yi?”

Na ce siminti nake so, ba tare da kowa ya gan shi ba. Ta ce wannan nata ne, in ji da nawa.

Ga yadda muka yi. Na sanar a masallaci cewa ƙurar sai an tankaɗe ta, kuma wannan gaskiya ne, akwai tsakuwa da tarkace a ciki. Na ce ba za a tankaɗe a nan ba, kada ta shiga idon masu salla. Sai na riƙa kwasar buhunan zuwa bayan rumbun albasar Hajiya. Su kuma mata suka bi juna a ɓoye, mai goro, mai waina, mai kayan miya, kowa da abin da ta iya. Siminti ya riƙa zuwa buhu ɗaya, buhu biyu, a ƙarƙashin albasa a kan wotoro. Ni in rufe ƙofa, in auna tara na siminti ɗaya na ƙura, in gauraya a bushe, in ɗura a buhunan shinkafar Baba, in ɗaure bakinsu yadda suka zo, in mayar masallaci. Ragowar ƙurar na rarraba wa maginan Jula da suka koyi awon a wurina. Ina aikin ina dariya ni kaɗai. Da aka yi mini sharrin algus ban yi ba, yau ga ni ina yin na gaske, sai dai ni mai kyau nake ɓoyewa a cikin marar kyau.

Abu ɗaya ya kusa tona mu. Ranar da muka fara ɗora bulo liman ya zo duba aiki, ya sunkuya kan kwaɓi, ya shaƙa, ya sake shaƙa.

“Malam magini, ni kuwa warin albasa nake ji.”

“Allah gafarta Malam, ai bakin teku ne, ba irin kayan da ba a saukewa a can.”

Ya gyaɗa kai ya wuce. Ni kuma na yi istigfari na ci gaba.

Bango ya tashi, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Na shafe shi ciki da waje, na riƙa ba shi ruwa safe da yamma har ya ƙoshi. Azumi ya kama, mata suka shige, ruwa ya yi ta dukansa bai ko nuna ba. Baba kuwa sai ya dawo kamar da. Kullum bayan la'asar sai ya zagaya ya ƙwanƙwasa bangon da sanda, ya ji yana amsawa ƙal-ƙal, ya yi murmushi. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin rikici. Na ji daɗi ƙwarai, na ce wannan aiki ko shi kaɗai na yi a Abidjan ban zo a banza ba.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan salla da 'yan kwanaki wani Bazazzagi mai shukuya, wato gasasshen naman da mutanenmu ke sayarwa a bakin titi, ya tare ni yana fara'a. Matarsa ta haihu, ɗaki ya yi musu kaɗan, zai ƙara wani a jiki. Har ya aika Treichville a kawo masa ƙura.

“Siminti nawa ka tanada?” na tambaye shi.

“Siminti na me? Ai Alhaji ya ce ƙurar kaɗai ta isa. Masu sayar da siminti cutarmu kawai suke yi.”

“Kai, ba ka da hankali ne? Jariri za ka kwantar a ƙarƙashin dambu?”

“To fa! Don ban kira ka aikin ba? Malam, hassada ba kyau. Ga bangon masallaci can, da me ka gina shi?”

Bangon da na gina da hannuna shi ke ƙaryata ni. Da na bincika, ashe ba shi kaɗai ba ne. Baba ya yi ta faɗa wa mutane da zuciya ɗaya, yana ganin taimako yake yi, har wasu biyu sun fara cigiyar mota. Na bi su ɗaya ɗaya, na yi lallashi, na yi faɗa, duk amsa ɗaya: ga bangon masallaci can.

Na koma wa Hajiya. Ba ta yi mini zolaya ba ranar. Ta ce, “Mu mun yi namu. Rai ya fi asiri. Tafi ka gaya mishi, kai ne ɗansa.”

Da hantsi na shiga falonsa da gwangwanaye biyu. Na ciro na farko na miƙa masa.

“Baba, murza wannan.”

Ya murza, ya zube masa a kan riga. Na ba shi na biyu, ya matsa, ya ƙwanƙwasa da zobe, ko gezau.

“Na farkon shi ne abin da motarka ta kawo. Na biyun shi ne ke jikin bango.”

Na faɗa masa komai, ban rage ba, har da mai shukuya da jaririnsa. Ban taɓa jin nauyin magana a bakina kamar ranar ba. Ya sunkuyar da kai. Yana ta kakkaɓe rigarsa, alhali ƙurar ta daɗe da zubewa.

“Su wa suka sayi simintin?”

“Matan masallaci, Baba.”

“Har da mai kunu?”

Wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, wadda duk shekara shi ke aika mata da zakka.

“Har da ita.”

Ya rufe ido. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina, na ji haushin mai shukuya, na ji haushin Treichville gaba ɗaya. Na ce, “Baba, bari in ɗauka a kaina. In tashi a masallaci in ce ni na ƙara siminti don son iyawa, ban gaya maka ba. Ai an san halina, za a yarda.”

“Su ce a ina ka samo? Ƙarya ta haifi ƙarya?” Ya buɗe ido ya dube ni, karo na farko. “Mai naman ya fara ginin?”

“Ya haƙa tushe.”

“To miƙo mini hulata. Kai ka yi naka.”

Bai fita ba sai la'asar, amma tun lokacin ya sa hular ya zauna da ita. Da aka sallame ya dafa sanda ya miƙe a sahun gaba, ya juyo ya fuskanci jama'a. Ya ce abin da ya faɗa a kan ƙura kuskure ne, ita kaɗai ba ta gini, kada kowa ya kuskura. Duk mai son aiki da ita ya tambayi wannan mai zafin kan, ya nuna ni da sanda, ya gwada masa awo. Sannan ya ce, “Bangon can ba ni na gina ba. Na ce na ɗauka alhali ba ni da shi. Ba ni da shi, jama'a, na daɗe ba ni da shi. Iyayenmu mata ne suka gina abinsu, suka bar mini sunan.”

Mai shukuya ya sunkuyar da kai. Liman ya fara cewa, “Alhaji, ai niyya…” Baba ya ɗaga masa hannu, ya ratsa sahu ya fita. Na bi bayansa. Na ɗauka gida za shi, sai na ga ya zagaya ta ƙofar mata. Suna fitowa ke nan, sun ji komai ta lasifika. Ya tsaya a gabansu, ya jingine sandarsa a bango, ya tattara babbar riga, ya durƙusa har ƙasa.

“Subhanallahi!” in ji Hajiya. “Alhaji, tashi! Don Allah tashi, kada ka ɗora muna alhaki!”

“Na gode,” ya ce. “Allah Ya rufa muku asiri duniya da lahira.”

Mai kunu ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Baba ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya sake yunƙurawa. Na matsa na sa hannu a hammatarsa, na tattaro ƙarfi irin wanda na saba, don a idona har yanzu ƙaton mutumin nan ne da ya tarbe ni ranar da na sauka. Sai ya taso mini sakayau, har na kusa yin baya. Riga ce kawai da ƙashi, haƙarƙarinsa na ji ɗaya ɗaya a tafin hannuna. A gida ɗaya muke kwana, ban san yunwar ta kai nan ba.

“Sake ni, ɗan nan,” ya ce a hankali, “mutane na kallo.”

Ban sake shi ba har muka isa gida.